Tambaya da Amsa: Walda, Gobara da Wanda Hukunci Ke Hawa Kansa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga aikin walda da gobarar da kan tashi ta dalilinsa, saboda haka na haɗa masu kama da juna wuri guda, na taƙaita tambayoyin. Dokar kowace ƙasa daban ce, don haka duk inda na ambaci tara ko ɗauri na faɗi ƙasar da dokar take aiki, kuma wanda zai yi aiki sai ya nemi ƙa'idar hukumar kashe gobara ta inda yake.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na daɗe ina sana'ar walda, wuta ba ta taɓa tashi a hannuna ba. Kwanan nan aka kira ni gyaran wani ƙarfe a cikin masana'anta, aikin da bai wuce minti biyar ba, amma aka hana ni kunna inji sai da aka cika takardar izini aka sa hannu. Wannan ba ɓata lokaci ba ne da raina gwaninta? Daga wani mai walda.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Takardar nan wurin aikin take aunawa, gwanintarka kuwa babu mai musunta. A shagonka ka san abin da ke kowace kusurwa, domin kai ka shirya wurin don wuta tun farko. A masana'antar wani kuwa baƙo ne kai, ba ka san abin da ke bayan bango ko ƙarƙashin daɓe ko cikin silin ba, kuma da zarar ka sauke gilashin kariya a fuskarka babu abin da kake gani sai ɗigon hasken da kake aiki a kai. Wanda ya fi kowa kusa da wutar shi ne ya fi kowa rashin ganin inda tartsatsinta ke sauka.

Dokokin kare gobara suna haɗa walda da yankan ƙarfe da wuta, da gogar ƙarfe da inji, da narka kwalta a kan rufi, da duk aikin da ke fitar da harshen wuta ko tartsatsi, su kira su aikin zafi. Harshen wutar oksijin da asitilin, wato gas ɗin walda, yana haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, alhali takarda tana kamawa tun kafin zafi ya kai digiri 300. Narkakken ɗigon da ya faɗo yana iya yin tsalle, ya gangara, ya shige tsaga ko ramin da bututu ya ratsa, ya sauka a hawan da ke ƙasa da zafinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan sana'ar maganar tana nan yadda take, babu habaici a cikinta.

Daga nan aka samo ƙa'idar ƙafa 35, wato kimanin mita 11, wadda ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta rubuta a kundinta mai lamba 51B, kundin da aka fara fitarwa a 1962, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta sanya ta cikin doka. Ƙa'idar tana bin tsari ne: idan ana iya cire ƙarfen a kai shi wurin da aka keɓe don walda, a yi hakan. Idan ba zai ciru ba, a kwashe duk abin da zai iya kamawa daga kewayen mita 11. Abin da ya ƙi ɗaukuwa a lulluɓe shi da bargon da wuta ba ta ci, a toshe ramuka da tsagogi, a share daɓe, a jiƙa shi idan na katako ne. Idan duk wannan ya gagara, doka ta ce kada a yi aikin. Mai ba da izini shi ne zai zagaya ya tabbatar da waɗannan da idonsa, ya rubuta wurin da lokacin farawa da na gamawa da sunan mai sa ido, wato wanda zai tsaya yana lura ko wuta za ta tashi, sannan ya sa hannu, kuma izinin ba ya wuce awa 24, domin wurin da babu komai yau gobe ana iya jibge kwalaye a cikinsa.

A ranar 11 ga Afrilu, 1996, wasu ma'aikata suna walda a mahaɗar titin da ya bi ta saman ginin filin jirgin sama na Dusuldof a Jamus. A sarari suke aiki, kan hanyar mota, amma narkakken ƙarfe ya zurara ta mahaɗar ya faɗa cikin silin zauren da ke ƙasa, inda aka shimfiɗa soson hana zafi. Wutar ta daɗe tana ci a ɓoye kafin kowa ya farga, kuma mutum 17 suka rasu, hayaƙi ne ya kashe su. Babu wanda ya sanar da 'yan kwana-kwanan filin jirgin cewa ana walda a ranar. Haka kuma a 1942 tartsatsi ya faɗa kan tarin rigunan ceto da aka cusa wa audugar rimi a cikin katafaren jirgin ruwan nan Normandie, lokacin da ake gyara shi a tashar Niyok don ɗaukar sojoji, jirgin ya ƙone, ruwan da aka yi ta kwarara masa kuma ya kifar da shi. Da an gusar da rigunan 'yan mitoci kafin a kunna wuta, da magana ta ƙare a nan.

Tambaya: Ni ce ke kula da wani babban ɗakin ajiyar kaya. Ɗan kwangilar da ke gyara mana rufi ya sa kuɗin wani mutum a lissafi wanda ba ya taɓa komai, yana tsaye kawai da tukunyar kashe gobara, kuma ko an kashe inji sai ya ƙara awa guda yana zagaye. Ina ganin kamar wayo ake yi mana. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, a cikin lissafin nan kuɗin mutumin nan ne ya kamata ki biya da daɗin rai, kuma ɗan kwangilar da ya sa shi ba tare da an roƙe shi ba ya cancanci a sake ba shi aiki. Gobarar walda ba kasafai take tashi a gaban mai aikin ba. Tartsatsin yakan kwanta a cikin ƙurar katako ko tsumma ko soso ko tsakanin kwalaye, yana ci a hankali babu harshe, hayaƙinsa kaɗan ne kuma ya gauraya da hayaƙin waldar, sai kowa ya watse iska ta hura shi sannan ya tashi. Saboda haka ne dokar OSHA ta ce mai sa ido zai tsaya aƙalla minti 30 bayan an gama. NFPA kuwa ta ga hakan bai isa ba, ta mai da shi awa guda a bugun kundinta na 2019, ta kuma ba mai izini damar ya ƙara har awa uku ana leƙa wurin idan akwai kaya masu ɓoye wuta. Ɗakin ajiya irin naki yana cikin wuraren da ƙarin ya dace da su.

Rashin taɓa komai da kika gani shi ne aikinsa. Idan aka sa shi miƙo kaya ko riƙe tsani, idonsa ya bar wurin ke nan. Ana bukatar ya iya amfani da tukunyar da ke hannunsa, ya san inda ƙararrawar gobara take da lambar 'yan kwana-kwana, kuma yana da ikon tsayar da aikin ko da ya fi kowa ƙanƙanta a wurin. Tunda a kan rufi ake aikin, tambayar da ta fi dacewa ki yi ita ce ko akwai mutum na biyu a ƙasa, cikin ɗakin, inda tartsatsin ke zuba, domin wanda ke sama ba ya ganin can.

Ki kula da abu biyu da kanki. Kada ki yarda a yi walda dab da lokacin tashi, ki sa a tsaya da wuri ta yadda awar sa ido za ta ƙare kafin a rufe ƙofa. Sannan idan an rufe na'urar jin hayaƙi don kada ta riƙa kuka a banza, a rufe wadda ke kusa da aikin kaɗai, a rubuta a takardar, a buɗe ta da zarar an gama, kuma kada a kashe famfunan yayyafa ruwa na silin. A gobarar ginin Garley a Hongkong, ranar 20 ga Nuwamba, 1996, wadda ta ci mutum 41, walda ake yi a cikin ramin na'urar hawa bene, kuma mutanen ginin sun riga sun saba da hayaƙi da kukan ƙararrawa saboda aikin, don haka da ta gaske ta zo ba su yi saurin fita ba.

Tambaya: Ni bakanike ne. Idan tankin mota ya huje mukan wanke shi da ruwa da sabulu, mu shanya shi har warin mai ya tafi, sannan mu liƙe. Wasu kuma suna zura masa hayaƙin salansa. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, babu wanda zan ba ka shawarar ka yi a cikinsu, kuma a nan ne wannan sana'a ta fi cin rayuka. Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. Wannan ya sa tankin da ake kira fanko ya fi cikakke haɗari, domin a cikin fankon ne ake samun iskar da tururin ke bukata. Babban cokali biyu na fetur sun isa su mai da duro mai cin lita 200 abin fashewa. Hanci kuma ba abin dogaro ba ne, yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci, sannan man da ya maƙale a cikin tsatsa da laka da naɗin ƙarfe ba ya fita da wanki, sai wutarka ta dafa wurin ya tashi ya cika tankin a daidai lokacin da kake tsaye a kansa. Dizal ma da ake ganin ba ya kamawa da sauƙi, yana fara fitar da tururi mai kamawa ne da zarar ya wuce digiri hamsin da 'yan kai, zafin da wutar walda ke kaiwa cikin ƙiftawar ido. Hayaƙin salansa kuwa babu wanda ya san abin da ke cikinsa a kowane lokaci, yana iya ɗauke da sauran oksijin da man da bai ƙone ba.

Hanyar da ƙwararru suka yarda da ita tana farawa da tambayar ko dole ne a yi amfani da wuta, domin sau da yawa sauya tankin ko liƙe shi da abin liƙi mai sanyi ya fi araha da aminci. Idan babu makawa, a wanke da tururin ruwa mai zafi, a buɗe duk murafe, a cika tankin da ruwa har kusa da inda za a liƙe tare da barin mafitar iska, ko a kori iskar da ke ciki da naitirojin. Sannan a auna da na'urar auna gas kafin a fara da kuma yayin da ake aikin. Iyakar da aka saba sanyawa ita ce kashi 10 cikin ɗari na mafi ƙarancin tururin da zai iya kamawa, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda a kunna wuta sai na'urar ta nuna sifiri. Wanda zai shiga cikin babban tanki ya sani naitirojin ɗin da ya hana fashewa yana kashe mutum ba tare da ya ji komai ba.

Hukumar binciken haɗuran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2010 inda ta ce ta ƙirga mutum fiye da 60 da suka mutu tun 1990 a fashewar da aikin zafi ya jawo a kan tankuna ko kusa da su. Wanda ya fi jan hankali a cikinsu shi ne na wata masana'antar takarda a jihar Wiskonsin a 2008, inda mutum uku suka rasu suna walda a saman tankin da babu komai a ciki sai ruwa da dusar takarda. Ƙwayoyin halitta ne suka ruɓar da dusar suka samar da gas mai kamawa, kuma babu wanda ya auna domin kowa ya ɗauka ruwa ne kawai.

Tunda bakanike ne kai, ga wani abu makamancin wannan: kada ka taɓa yin walda a kan wilin mota alhali taya tana jikinsa, ko da ka sace iskar. Zafin yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da gas, kuma tayar tana iya tarwatsewa bayan ka gama ka ajiye kayan aiki.

Tambaya: Baba, ni ɗan koyo ne. Maigidana yana faɗa idan na taɓa tukunyar oksijin da hannu mai giris, ko na kwantar da ta asitilin a ƙasa, amma bai taɓa gaya mini dalili ba.

Amsa: Ɗana, faɗan maigidanka yana kan hanya. Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma yana sa komai ya kama da sauri da ƙarfi, har mai da giris su tashi da wuta ba tare da ashana ba idan suka haɗu da shi yana cikin matsi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, kuma da ya haura 23.5 ana ɗaukar wurin a matsayin mai haɗari. Saboda haka kada ka taɓa kaɗe ƙurar rigarka ko ka sha iska da tiyon oksijin, domin yadin yana riƙe shi, tartsatsi guda ya isa ya cinye rigar a jikinka.

Asitilin kuwa gas ne marar haƙuri da matsi, shi ya sa ake narkar da shi a cikin wani ruwa mai suna asiton, a cusa a cikin wani abu mai ramuka da ya cika tukunyar. Idan ka kwantar da ita ruwan yana biyo bakin ya shiga tiyo. A tsaye ake ajiye ta, ɗaure da sarƙa, kuma dokar Amurka ta hana amfani da asitilin a matsin da ya wuce fam 15 a kan kowane inci murabba'i. A wurin ajiya ana raba tukwanen oksijin da na gas mai kamawa da tazarar mita 6, ko a gina katanga mai tsayin mita 1.5 da za ta jure wuta rabin awa. Ka tabbata akwai abin tare wutar da ke komawa baya a kan tiyo biyun, ka nemi yoyo da ruwan sabulu, ka rufe tukwane daga kansu idan za ka tafi hutu, kuma kada ka bar kan walda a cikin tanki ko rufaffen ɗaki. Idan gobara ta dafa tukunyar asitilin, ka nisance ta ka gaya wa 'yan kwana-kwana, domin tana iya fashewa bayan an kashe wutar. A Birtaniya sukan fara da killace mita 200 a kewayenta.

Tambaya: Ina da gini da nake haya da shi. Idan na ɗauko mai walda, wuta ta tashi ta hannunsa, ai shi doka za ta kama, ko ba haka ba? Wane irin hukunci ake yi?

Amsa: Alhaji, da yawa daga masu gini haka suke zato, kuma a kotu suke gane kuskurensu. Yawancin dokokin zamani suna bin sawun wanda yake da iko da wurin da wanda ya ba da umarni, mai walda kuwa sau da yawa shi ne na ƙarshe a jerin.

Hukuncin hawa-hawa ne. Na farko shi ne na karya ƙa'ida ko da wuta ba ta tashi ba, wato tsayar da aiki, janye izini da tara. A Amurka, a lissafin 2025, OSHA tana iya cin mai aiki tarar da ta kai dala 16,550 a kan kowane babban laifi guda, da dala 165,514 idan da gangan ne ko maimaici, kuma mai ɗaukar ma'aikata ne ke biya. Idan ganganci ya kai ga mutuwar ma'aikaci akwai ɗaurin da bai wuce wata shida ba. A Ingila da Wels, dokar kare gobara ta 2005 ta ɗora nauyin a kan mai iko da ginin, tarar ba ta da iyaka, ɗauri kuma yana kaiwa shekara biyu. Dokar kashe gobara ta ƙasar Sin ta fi fito da bambancin a fili: wanda ya yi aiki da wuta ba bisa ƙa'ida ba ana iya tsare shi har kwana biyar idan laifin ya yi tsanani, wanda ya umarci wani ko ya tilasta masa yin aikin cikin haɗari kuwa kwana 10 zuwa 15 ne.

Idan an yi asarar rai maganar takan koma ta manyan laifuffuka. A ranar 15 ga Nuwamba, 2010, wani bene mai hawa 28 da ake yi wa kwaskwarima a birnin Shangai na ƙasar Sin ya ƙone, mutum 58 suka rasu, bayan tartsatsin masu walda marasa lasisi ya kama soson hana zafi da ragar da aka lulluɓe ginin da ita. Masu waldar aka fara kamawa, amma da aka yanke wa mutum 26 hukunci a 2011, su ne suka sami mafi sauƙi, yayin da jami'in da ya fi kowa girma a cikin waɗanda suka raba kwangilar ya sami shekara 16 saboda cin hanci da wuce gona da iri a muƙaminsa. A Koriya ta Kudu, gobarar wani ɗakin ajiya da ake ginawa a Ichon ta kashe ma'aikata 38 a Afrilun 2020, kuma tana cikin abubuwan da suka ingiza dokar da ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ko tarar da ta kai won biliyan ɗaya a kuɗin ƙasar ga shugaban kamfani kansa idan ma'aikaci ya mutu saboda gazawar tsarin kariya.

Ba kullum hukuncin ke yin daidai da ɓarnar ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Shari'ar gobarar Dusuldof ta ƙare a 2001 ba tare da an sami kowa da laifi ba, kuɗi kawai waɗanda ake tuhuma suka biya. A birnin Bostan na jihar Masachuset a Amurka, a watan Maris na 2014, tartsatsin waldar da ake yi ba izini a ranar iska mai ƙarfi ya kama ginin maƙwabta, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu, amma tarar da OSHA ta ci kamfanin dala 58,000 ce, kuma ba a gurfanar da kowa ba. A ganina wannan tara ta yi kaɗan ƙwarai. Abin da ya biyo baya ya fi ta amfani, domin daga Yulin 2018 jihar Masachuset ta wajabta horo da shaidar ƙwarewa ga mai aikin zafi da mai sa ido da mai ba da izini.

Bayan hukuncin hukuma akwai diyyar maƙwabta da 'yan haya da iyalan mamata, wadda sau da yawa ta fi tarar nauyi nesa ba kusa ba, kuma masu ƙara sukan nufi wanda yake da abin biya. Abin da zai tsaya maka a ranar shi ne shaidar cewa ka ɗauko mai lasisi, ka gaya masa abin da ke cikin ginin, ka sa an duba wurin, an rubuta, an sa hannu.

Tambaya: Ina da inshorar gobara. Ko ba ta ɗauke mini wannan damuwar ba?

Amsa: Malam, ka koma ka karanta takardar yarjejeniyar. Kamfanonin inshora da yawa suna sanya sharaɗin aikin zafi a ciki, wato izini a rubuce, kwashe kaya, tukunyar kashe gobara a kusa, da sa ido na ƙayyadadden lokaci bayan an gama, kuma idan bincike ya nuna an tsallake ɗaya suna iya rage diyyar ko su ƙi biya gaba ɗaya. Ka nemi ɗan kwangilarka ma ya nuna maka tasa inshorar, ka duba ko ta ƙunshi aiki da wuta, domin wasu sun cire shi. A Suwidin da Finlan da Nowe kamfanonin inshora ne suka tsaya kai da fata har katin shaidar aikin zafi ya zama abin da ake tambaya kafin a fara aiki, kuma duk shekara biyar ake sabunta shi.

Tambaya: Idan na ga wurin bai dace ba, amma shugaban aiki ya ce in yi sauri in gama, kuma ina tsoron kora, me zan yi? Daga wani ma'aikacin kamfanin gine-gine.

Amsa: Ɗan'uwa, na san faɗin wannan ya fi yinsa sauƙi ga wanda yake da iyalin ciyarwa, amma doka ba ta bar ka hannu rabbana ba. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1981, ta ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana da haɗari babba kuma na nan take, ƙasashen da suka rattaba hannu kuma suna sanya hakan a dokokinsu. Kundin NFPA ma ya ɗora wa mai walda kansa nauyin ya tsaya idan yanayi ya sauya, ya sanar da mai ba da izini.

Kada ka tsaya gardama a kan ko za ka yi ko ba za ka yi ba. Ka faɗi abin da ya rage dalla-dalla, misali a kwashe waɗannan robobin fenti, a kawo mai sa ido, a auna tankin, sannan ka nemi takardar izini da sa hannunsa. Shugaban da ke gaggawa da baki yakan yi sanyi idan aka miƙa masa biro. Idan ya ƙi, ka tura masa saƙo a waya mai ɗauke da abin da ka gani da lokacin, ka ɗauki hoton wurin, ka sanar da jami'in kula da lafiyar ma'aikata na kamfanin ko wakilin ƙungiyarku, kuma idan abin ya ci tura ka kai ƙara ofishin masu duba ayyuka na ma'aikatar ƙwadago ko hukumar kashe gobara.